Oscar ta bana daga teburin mai shayi a Gusau

A daren Alhamis, 23 ga Janairun 2025, ranar da aka bayyana sunayen finafinan da za su fafata a bikin Oscar karo na 97, na biya wurin mai shayin da na saba zama a Tudun Wada, nan Gusau, sai na tarar ana musu irin wanda ba a yi sai ranar da Barcelona ta kara da Real Madrid. Ina zama, wani matashi mai gyaran waya, mutumin Bunguɗu, ya juyo gare ni ya ce, "Dakta, don Allah ka raba mu. Mi yas sa ba su sa namu ba? Ni na ce wariya ta, wanga ya ce mu ne ba mu iya ba." Namu ɗin da yake nufi shi ne Mai Martaba, fim ɗin Hausa da Najeriya ta tura gasar. Kafin in ba shi amsa sai na tambayi teburin gaba ɗaya: wa ya kalli fim ɗin a cikinku? Aka yi tsit. Wani ya ce ya ga tallarsa a Facebook, wani ya ce ya ga Adam A. Zango cikin kayan yaƙi a TikTok. Mai shayi, wanda ba ya barin bashi ya kwana, ya ajiye buta ya ce, "To kai Allah gafarta Malam, ka gane shi?" Dole na faɗi gaskiya. Ni ma tallar na gani.

Wannan amsa ta fi komai tsaya mini a rai a cikin makonnin nan. Malami ne ni, adabi da al'ada nake koyarwa, ina zaune a babban birnin jiha, kuma kafin watan Janairu ya ƙare na kalli huɗu daga cikin finafinai biyar na ƙasashen waje da suka kai zagayen ƙarshe, har da na wata kyanwa daga ƙasar Latbiya. Amma fim ɗin da aka yi da harshena, aka ɗauka a Daura, aka tura Amurka da sunana da na masu teburin nan, bai iso inda nake ba.

Bari in fara da abin da ya faru, domin yawancin masu musu sun ɗauka a ranar 23 ga Janairun aka cire mu. Ba haka ba ne. Ƙasashe 85 ne suka shiga rukunin finafinan da ba da Turanci aka yi su ba. A ranar 17 ga Disambar 2024 aka tankaɗe su aka bar 15, kuma tun a wannan tankaɗe Mai Martaba ya faɗi. Daga Afirka gaba ɗaya fim ɗaya ne ya tsallake, Dahomey na Mati Diop, wanda Senegal ta tura, labarin kayan tarihi 26 da Faransa ta mayar wa Jamhuriyar Benin a 2021. Shi ma da aka zo zaɓen biyar na ƙarshe bai samu shiga ba, duk da cewa shi ya lashe babbar kyautar bikin finafinai na Berlin a 2024. Wanda duk yake ganin an ci zarafin Mai Martaba, ya kamata ya fara yi wa Mati Diop jaje.

Tarihinmu a wannan gasa gajere ne. A 2019 muka fara turawa, da Lionheart na Genevieve Nnaji, aka kore shi saboda kusan duk maganar cikinsa Turanci ce, Ibo bai wuce na minti goma sha ɗaya ba. A shekara ta gaba aka tura The Milkmaid na Desmond Ovbiagele, wanda Maryam Booth ta fito a ciki. Shekaru biyu a jere, 2021 da 2022, kwamitin zaɓe na ƙasa bai tura komai ba. A 2023 aka tura Mami Wata na C.J. Obasi, sai a 2024 Mai Martaba na Prince Daniel Aboki. Ke nan a cikin finafinai huɗu da Najeriya ta taɓa miƙawa, biyu da Hausa aka yi su. Wannan abin lura ne ga masu cewa ana danne harshenmu a cikin gida. Dokar gasar ce ta tilasta wa Legas waiwayo, domin finafinanta masu tsada yawancinsu Turanci suke yi, alhali mu ba mu taɓa barin harshenmu ba. Babu ko ɗaya daga cikin huɗun da ya kai matakin 15. Nahiyar ma baki ɗaya sau uku kacal ta ɗauki wannan kyauta: Aljeriya da Z na 1969, Kodebuwa da Black and White in Color na 1976, sai Afirka ta Kudu da Tsotsi na 2005. Biyu na farkon kuwa Turawa ne suka ba da umarninsu.

To wariya ce, ko rashin iyawa? Ina ganin duka masu musun sun kama wani sashe na giwa. Oscar ba alƙalin duniya ba ne. Ƙungiya ce ta ma'aikatan fim mai mambobi kusan dubu goma, mafi yawansu a Amurka, kuma ba wanda zai zaɓi abin da bai gani ba. Kafin fim ya kai idonsu sai ya bi wata hanya da aka sani: a fara nuna shi a Cannes ko Venice ko Berlin ko Toronto, masu sharhi su yi rubutu a kansa, wani kamfanin rarrabawa ya saye shi, sannan a kashe kuɗi ana shirya nuni da liyafa a Los Angeles da New York da Landan har ranar ƙuri'a. Yaƙin neman zaɓe ne, ba bambanci da wanda muka sani, sai dai babu atamfa da taliya. Fim ɗin da ya fito daga Daura ba tare da ya bi ta ko ɗaya daga cikin manyan bukukuwan nan huɗu ba, ba shi da dillali a Amurka, ya shiga takara ne ba wakili a rumfa. A nan mai gyaran waya yana da gaskiya. Abokin musunsa ma yana da tasa, domin Flow, fim ɗin kyanwar nan, daga ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu ba ya fito, da manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Blender aka zana shi, babu kalma ko ɗaya ta ɗan Adam a cikinsa, kuma ga shi ya shiga rukuni biyu. Ƙarancin kuɗi uzuri ne, amma ba ya ɗaukar duk nauyin da muke ɗora masa.

Akwai wani sharaɗi na gasar da ya fi shafarmu a Zamfara. Kafin ƙasa ta tura fim, sai an nuna shi a gidan silima na kuɗi kwana bakwai a jere. Masu dokar sun ɗauka cewa fim na wakiltar ƙasa ne saboda mutanen ƙasar sun zauna cikin duhu tare sun kalle shi. Mu kuwa tun lokacin da aka ƙaddamar da shari'a a Gusau a watan Oktoban 1999 aka rufe gidajen silima, al'adar fita kallo ba ta sake dawowa ba. Ba na cikin masu yi wa wancan mataki dariya. Wanda ya san abin da harabar silima ta zama a shekarun 1990, da irin cinikin da ake yi a bakin ƙofa, ya san ba don ƙin hoto mai motsi kawai iyaye suka yi murna ba. Abin da nake tuhuma shi ne shekaru ashirin da biyar da suka biyo baya, waɗanda ba mu zauna mun tambayi kanmu wane irin ɗakin kallo ne ya dace da mu ba: na rana, na iyali, mai ɓangaren mata, mai tsayawa lokacin salla. Mun rufe ƙofar da ke da mai gadi, sai fim ya shigo ta taga. Yau a bakin kasuwar Tsafe ko tashar Bunguɗu, yaro na miƙa wayarsa da 'yan canji ga masu tura fim, a cika masa ita da fassarar Indiya da duk abin da ya nuna da yatsa, ba mai tambayar shekarunsa. Wanda ya yi fim ɗin ba ya samun ko kwabo. Shi ya sa Kannywood ta koma dogon zango a YouTube da Arewa24, inda Labarina da Izzar So da Daɗin Kowa suke, domin can ne kaɗai kuɗi ke dawowa. Mai shirya fim irin Mai Martaba, wanda ya tara dawaki da ɗaruruwan mutane, ba zai iya sakinsa a waya ba sai ya yi asara, ba shi kuma da allon da zai kawo mana shi. Haka muka zama masu goyon bayan ƙungiyar da ba mu taɓa ganin wasanta ba.

Yanzu ga biyar ɗin da suka rage: Emilia Pérez daga Faransa, I'm Still Here daga Brazil, The Seed of the Sacred Fig wanda Jamus ta tura, The Girl with the Needle daga Denmak, da Flow. Biyu na farko nake so mai karatu ya tsaya a kansu tare da ni, domin abu guda suke magana a kai, kuma abin nan mun fi masu ƙuri'ar saninsa.

Emilia Pérez ya samu shiga rukuni 13, adadin da wani fim da ba na Turanci ba bai taɓa samu ba. Labarin wani uban dabar masu safarar ƙwaya ne a Meziko, wanda ya sa aka kashe mutane ba adadi, ya ɓace ya sauya jinsi, daga baya ya dawo ya kafa ƙungiyar nemo gawarwakin waɗanda suka ɓata. Da waƙa da rawa aka ba da labarin. Mai ba da umarnin, Jacques Audiard, Bafaranshe ne, a ɗakin ɗaukar hoto kusa da Paris aka yi yawancin aikin, kuma a cikin manyan taurarinsa mata huɗu ɗaya ce kawai 'yar Meziko. A ƙasar da hukuma da kanta ta ƙirga mutane sama da dubu ɗari da suka ɓace, mutane ba su ga abin rawa ba. Tun kafin a fara nuna shi a can suka yi masa ca. Sai kuma a ƙarshen Janairu aka tono tsofaffin rubuce-rubucen tauraruwar fim ɗin, Karla Sofía Gascón, a Twitter, inda ta ci mutuncin Musulunci da Musulmi da baƙaƙen fata. Netflix, wanda ya zuba kuɗi a yaƙin neman zaɓen, ya janye ta daga gaba. Abin da ya ba ni mamaki shi ne masu ƙuri'a ba su ji kukan iyayen Meziko ba sai da abin kunya ya taɓa su a gida.

I'm Still Here na Walter Salles labari ne na gaskiya. A watan Janairun 1971, zamanin mulkin soja, wasu mutane ɗauke da bindiga suka shiga gidan Rubens Paiva, tsohon ɗan majalisa, a Rio de Janeiro, suka ce ya zo ya amsa tambayoyi. Ya sa kwat ɗinsa ya bi su. Bai dawo ba. Fim ɗin bai bi shi ɗakin azaba ba, ya zauna a gida tare da matarsa Eunice da 'ya'yansu biyar: yadda take ɓoye wa ƙananan, yadda banki ya ƙi ba ta kuɗin mijinta saboda babu sa hannunsa kuma babu shaidar mutuwarsa, yadda ta sayar da abin da ta mallaka ta koma karatun lauya. Sai a 1996, bayan shekara ashirin da biyar, gwamnati ta ba ta takardar shaidar mutuwa, ta ɗaga ta a gaban 'yan jarida tana murmushi. Ɗansu Marcelo ne ya rubuta littafin da aka ɗauko labarin, Salles kuwa yana yaro ya yi wasa a cikin gidan. Miliyoyin 'yan Brazil suka cika gidajen silima kafin Amurka ta san da shi.

Na kalli wannan fim ne kwana biyu bayan na dawo daga ta'aziyya a Tsafe. A gidan da na je akwai wata baiwar Allah, ba ita aka yi wa rasuwar ba, ta zo taya zama ne. An ɗauke mijinta a gona damina biyu da suka wuce. An sayar da shanu an kai abin da aka nema, waya ta daina shiga, shi ke nan. Ba ta yi takaba ba domin ba a ce ya mutu ba, ba a raba gado ba, ba ta da aure a hannu kuma ba ta da damar yin wani sai ta je gaban alƙali, ita kuma ta ce kunyar 'ya'yanta take ji. Malamanmu na fiƙihu suna da babi guda a kan matar wanda ya ɓace, babin da muka karanta a zaure muna ganin ba za mu taɓa buƙatarsa ba. Da na ga Fernanda Torres a matsayin Eunice tana zaune a shagon sayar da askirim tana kallon iyalan da ubanninsu ke tare da su, matar Tsafen nan na gani. Ban taɓa zuwa Brazil ba, ba na jin Fotugis, amma ban buƙaci fassara a wannan wuri ba.

Mu ne muke da wannan labari a yau, a hannu, da ɗuminsa. Ranar 26 ga Fabrairun 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Satumban 2023 aka shiga Sabon Gida, cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, aka ɗauki ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau, mafi yawansu mata. A tsakanin waɗannan biyun da duniya ta ji, akwai dubban da ba wanda ya ji sai maƙwabta. A Satumban 2021 an kashe layukan waya a jihar nan baki ɗaya, muka koma aika saƙo a takarda ta hannun direbobin Funtuwa. Duk wannan bai zama fim ba. Kannywood, wadda ta cika shekara talatin da biyar a 2025 tun daga Turmin Danya na 1990, tana iya ba ka kishiya da gado da ɗan mai kuɗi da ya so 'yar talaka ta fuska ɗari, amma uwar da ke jiran waya ta yi ƙara ba ta samu mai ɗaukarta ba.

Ba na ɗora laifin duka a kan 'yan fim, domin sun ga abin da ya sami waɗanda suka gwada. A Yulin 2022 sashen binciken BBC ya saki The Bandit Warlords of Zamfara, wanda Yusuf Anka, ɗan jihar nan, ya shiga daji ya ɗauko. Hukumar kula da kafafen watsa labarai ta ci tarar kamfanonin da suka nuna shi naira miliyan biyar-biyar, ta ci Trust TV irin wannan tara saboda nata shirin a kan matsalar. The Milkmaid, wanda ya ba da labarin 'yan mata biyu Fulani da masu tayar da ƙayar baya suka ɗauke, sai da hukumar tace finafinai ta ƙasa ta yanke masa minti 24 kafin ta bari a nuna shi, sannan ƙasar ta ɗauke shi ta tura Oscar. Ga kuma tsoro na zahiri, wanda ya fi na hukuma: mai ɗaukar hoto a Gusau ya san waɗanda zai yi fim a kansu suna da waya, suna kallon TikTok, kuma sun san hanyar gidansu. Akwai ma hujja mai nauyi da wani abokin aikina yake kawowa, cewa nuna ɗan bindiga a allo yana iya zame masa talla. Na yarda da shi rabi. Amsar tana cikin fim ɗin Salles, wanda bai ba azzalumi fuska ko jawabi ba, ya bar kyamara a kan wadda aka bari. Abderrahmane Sissako ma haka ya yi a Timbuktu, wanda Muritaniya ta tura ya kai biyar na ƙarshe a 2015: ya ɗauki aikin a garin Walata saboda Mali ba ta shiguwa, ya nuna limamin gari yana ka da masu bindiga da hujja a cikin masallaci. Mohammad Rasoulof kuwa a ɓoye ya ɗauki The Seed of the Sacred Fig a Iran, aka yanke masa ɗaurin shekara takwas, ya tsere ta kan duwatsu da ƙafa.

Abin da nake tsoro shi ne wannan. Labarin Zamfara za a yi fim da shi, ko ba jima ko ba daɗe. Idan ba mu yi ba, wani zai zo daga Legas ko Paris ya gina ƙauyen Tsafe a ɗakin ɗaukar hoto, ya sa wa mutane rawani a karkace, ya ba su Hausar da ba ta kowa ba, ya mayar da rikicin Fulani mugaye da Hausawa bayin Allah ko akasin haka, ya karɓi tafi a Cannes. A ranar za mu fahimci abin da ya fusata mutanen Meziko. Mun ma ɗanɗana kaɗan: a 2024 Io Capitano, labarin yara biyu 'yan Senegal da suka ratsa ta Agadas zuwa Libiya, ya kai biyar na ƙarshe da tutar Italiya. Fim ne mai kyau, amma hanyar tamu ce, kyautar ta wasu.

Ko wanda ya ce zamani ya yi zafi, a koma tarihi, Zamfara ba ta rasa abin ba shi ba. Mai Martaba ya ƙirƙiri masarautar Jallaba da sarkin da ke son 'yarsa ta gaje shi. Mu kuwa tarihin baka ya ajiye mana 'Yargoje, sarauniyar da ta mulki Zamfara daga Kuyambana. Ga 'Yandoto a ƙasar Tsafe, garin malamai da suka yi jayayya da jagororin jihadi har aka ci garin da yaƙi a farkon ƙarni na 19, labarin da ke da hujja a kowane ɓangare, irin wanda marubucin kirki ke nema. Ga dutsen Kwatarkwashi da bikin kamun maikinsa, wanda duk mai tafiya Zariya daga Gusau yake wucewa ta gindinsa. Ba kuma yau muka fara sanin gasar fasaha da kyauta ba. Ƙasar da ta haifi Salihu Jankiɗi a Rawayya, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru, da Kassu Zurmi, ta san yadda ake auna gwani. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ya ƙarar da rayuwarsa yana rubuta wannan. Sai dai makaɗin fada a gaban jama'ar da ta san kowane zambo da kowane habaici yake karɓar dokinsa da rigarsa. Kafin sarki ya miƙa kyauta, fada ta riga ta yanke hukunci da guɗa ko da shiru.

Kyaututtukanmu na cikin gida ma suna ja da baya, ba mu ce komai ba. Gasar AMVCA da ake yi a Legas ta daɗe tana da rukunin Hausa zalla, inda Mansoor na Ali Nuhu ya yi nasara a 2018, Voiceless a 2022, Aisha na Abubakar Bashir Maishadda a 2023. A 2024 aka haɗe Hausa da Yarbanci da Ibo a rukuni guda na Afirka ta Yamma, Jagun Jagun na Femi Adebayo ya ɗauka. Wannan ya fi rashin shiga Oscar yi mana illa nesa ba kusa ba, amma ban ji an yi musunsa a teburin shayi ba. Ali Nuhu yana shugabantar Hukumar Finafinai ta Najeriya tun Janairun 2024. Da zan roƙe shi abu guda, da majigi zan roƙa: mota da allo da janareto, a zagaya da finafinan da ƙasa ta zaɓa zuwa ɗakunan taro na jami'o'i da kwalejoji da sakatariyoyin ƙananan hukumomi, da rana, a sayar da tikiti mai sauƙi. Turawan mulki sun kai majigi ƙauyukan da ba su da hanya don su koya mana wanke hannu da biyan haraji. Ba zai gagari hukuma a 2025 ta kai Mai Martaba Gusau ba.

Saura hasashe, tunda shi mai gyaran waya ya nema, kuma na yi masa alkawarin zan rubuta don kada in musa daga baya. Babbar kyauta ina ganin ta Anora ce. Ya ɗauki kambun Cannes, kuma a ƙarshen makon da ya wuce ƙungiyar furodusoshi da ta daraktocin Amurka duk shi suka zaɓa, su ne kuwa masu ƙuri'ar. Kuɗin da aka kashe masa bai wuce dala miliyan shida ba. Ina gargaɗin mai karatu cewa ba fim ne da ake kallo da iyali ba, ni ma don aiki na kalla. Wanda zai iya yi masa ƙafar ungulu shi ne Conclave, labarin zaɓen Fafaroma, inda ɗaya daga cikin 'yan takarar wani Kadinal ne ɗan Najeriya mai suna Adeyemi, wanda Lucian Msamati, ɗan asalin Tanzaniya, ya fito a matsayinsa. Ko a ƙagaggen labari ma ba a bar mu mun ci zaɓen ba. Gwarzon namiji Adrien Brody na The Brutalist, duk da surutun da aka yi cewa an gyara masa lafazin harshen Hangari da ƙirƙirarriyar basira. Gwarzuwar mace zuciyata na wurin Fernanda Torres, wadda mahaifiyarta Fernanda Montenegro ta shiga wannan rukuni a 1999 ta rasa, amma hankalina ya ce Demi Moore. Cynthia Erivo ta Wicked, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, sai dai ta yi haƙuri bana. A rukunin finafinan gaskiya ina sa ran No Other Land, wanda Falasɗinawa biyu da Isra'ilawa biyu suka yi a kan rusa ƙauyukan Masafer Yatta, fim ɗin da har zuwa farkon 2025 babu kamfanin Amurka da ya yarda ya rarraba shi. A rukunin da aka cire mu kuwa, wata guda da ya wuce kowa zai ce Emilia Pérez. Ni na ce I'm Still Here, kuma idan haka ta faru shi ne karo na farko da Brazil za ta ɗauki wannan kyauta. A gasar Legas, wadda sunayenta ke tafe, ina ganin Mai Martaba zai shiga, amma zai haɗu da Lisabi da Seven Doors, waɗanda Netflix ya riga ya kai kowane gida, shi kuwa masu zaɓensa ba su gan shi ba.

Za a yi bikin ranar Lahadi 2 ga Maris na 2025, wato ƙarfe ɗaya na daren Litinin a agogonmu, kuma in Allah ya kai mu muna cikin kwanakin farko na azumi. A irin wannan rana ta 2 ga Maris, a 2021, aka dawo da 'yan matan Jangebe gidan gwamnati a Gusau. Mai shayi ya ce zai buɗe don masu sahur, kuma lokacin da za a kai ga manyan kyaututtuka ruwansa ya tafasa. Mai gyaran waya ya tsaya a kan Emilia Pérez, wai rukuni 13 ba wasa ba ne. Na ce masa idan nawa ya faɗi, shayin teburin na daren yana wuyana.